Takalmina a Hannu Na Sauka Caina

Shekara goma sha shida ina sayar da takalmi a Kasuwar Wambai. Mutum ya shigo shagona, kafin ya zauna na san lambar ƙafarsa, kuma da wuya in kuskure. Ni ne mai gaya wa masu saye kada su gwada takalmi da sassafe, su bari sai yamma, lokacin da ƙafa ta sha yawo ta buɗe. Amma ranar da na fara sauka a Caina, takalmina a hannu na fito daga jirgi, don ƙafar da na sani lamba 43 ta ƙi komawa gidanta.

Kafin wannan tafiya, a hannun masu shigo da kaya nake sari. Su je, su dawo, su ɗora ribarsu, ni kuma in ɗora tawa a kan abin da ya rage. Da jari ya ɗan yi kauri sai na ce bari ni ma in je in gano wa idona garin nan Guangzhou, ko Gwanzo a bakinmu na 'yan kasuwa. Wata biyu ina lissafi. Kuɗin biza, kuɗin tikiti, canjin dala a Wapa, kuɗin otal na kwana tara, ladan tafinta, kasona a kwantenar haɗaka, har kuɗin tasi daga filin jirgi na rubuta a littafi. Jikina kaɗai ne ban ba shi layi ko ɗaya ba. Me zan rubuta? Mutumin da ya sha motar dare daga Kano zuwa Aba ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, ya zauna a kan buhu, ya kwana a tasha, kujerar jirgi mai laushi ce za ta ba shi tsoro? Abin da na manta shi ne motar Aba tana tsayawa. Ana sauka a hanya a yi fitsari, a yi alwala, a miƙe ƙafa, a sha shayi, iska ta bugi mutum. Jirgi kuwa idan ya ɗaga, ba tasha sai inda za shi.

Ranar tafiya Hajiyarmu ta ce ba zan bar ƙasa da yunwa ba, tunda an ce mutanen can ba su san tuwo ba. Ɗanwake ta sa aka yi mini, da ƙwai da kabeji da yaji, na bi shi da lemon kwalba mai sanyi. Na sa sabuwar shadda da ta sha sitaci har tana ƙara, na ɗaure mazagi tamau saboda kuɗin da ke jikina, na kafa hula. A ƙafa kuma baƙin sau-ciki na fata, mai igiya, sabo fil daga kwali, wanda na zaɓa da kaina don kada a ce mai takalmi ya je Caina da tsohon takalmi. Na kalli madubi na ga Alhaji sosai.

A filin jirgin Malam Aminu Kano muka haɗa Azahar da La'asar, muka tashi da rana. Zangon farko zuwa Adis Ababa bai kai awa biyar ba, kuma ban ji komai ba sai murna, ina ta leƙen gajimare. Sai da aka fara sauka kunnena na hagu ya toshe, ya riƙa suka kamar ana tura tsinke. Akwai 'yar mura a jikina da ban ɗauke ta bakin komai ba. Na haɗiye yawu, na yi hamma, na dama ya buɗe, na hagu ya ce bai san zancen ba. Da rabin ji na shiga ƙasar Habasha.

Adis gari ne a kan tudu, sama da mita 2,300 daga gaɓar teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Ban san da wannan ba sai da na hau 'yan matakala da jaka a kafaɗa na ji ina haki kamar wanda ya yi tseren gudu. Ga sanyi yana ratsa shadda. Filin jirgin Bole cike yake maƙil da dare, kuma idan ka kasa kunne za ka ji Hausa iri-iri: ta Kano, ta Yamai, ta mutanen Kamaru, ta 'yan zango na Gana, kowa da inda ya nufa. Muka sami wurin salla muka haɗa Magariba da Isha. A nan, ina ɗaura igiyar takalmi, na ƙulla dabarar da ta kusa kayar da ni. Na ce wannan alwalar zan riƙe ta har Asuba. Ba zan sha ruwa ba, balle in buƙaci banɗakin jirgi, wanda aka ce mini ba buta kuma mutum ko juyawa ba ya iya yi a ciki. Sannan don kada barci ya sace ni jirgi ya tafi ya bar ni, na sha gahawar Habashawa kofi biyu, baƙa wuluk, na bi ta da ɓarin goro.

Wajen sha biyun dare agogonsu muka shiga babban jirgi. Tun a Kano na roƙi mai yanka mini tikiti ya ba ni kujerar taga. Jakata mai takardu da ragowar dala ban yarda in sa ta a ma'ajiyar sama ba, na cusa ta ƙarƙashin kujerar gabana, wato daidai wurin da aka tanadar wa ƙafafuna. Na zauna a takure, gwiwa na gogar kujera. A tsakiya wani saurayi ɗan Caina ne, wanda tun jirgi bai motsa ba ya rufe ido ya tafi abinsa. A bakin hanya kuma wani dattijo ne fari siriri, cikin jallabiya mara guga da silifa da doguwar safa har gwiwa. Muka gaisa, ya ce daga Damagaram yake. A raina na ce wannan tsoho ko kunyar shiga jirgi da silifa ba ya ji.

An kawo abinci wajen ƙarfe ɗaya. Ba na jin yunwa, ɗanwaken Hajiya na nan daram, amma na tuna kuɗinsa na cikin tikiti, na cinye tas har da burodin. Ma'aikaciyar jirgi ta miƙo ruwa, na girgiza kai. Ta dawo, na sake girgizawa. Karo na uku ta ɗan tsaya ta dube ni kafin ta wuce.

Duk wanda ya san tsakiyar hunturu a Kano, lokacin da leɓe ke tsagewa, hanci ya bushe har ya yi jini, ya san iskar cikin jirgi. Bambancin kawai babu ƙura. Daga baya na ji cewa danshin iskar jirgi yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, domin daga waje ake jawo ta, a can sama da mita dubu goma inda kusan babu ruwa a cikinta. A lokacin dai abin da na sani shi ne harshena ya zama kamar soso, idanuna kamar an watsa musu yashi, kaina ya fara sara daga goshi. Cikina kuma ya ɗaure kamar ganga, mazagin nan yana neman raba ni biyu. Ga iska tana neman hanya, ga alwala ina gadi. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba, Allah kada ya nuna masa.

Dattijon Damagaram kuwa bai zauna ba. Bayan kowane ɗan lokaci sai ya miƙe, ya tafi bayan jirgi, ya jima, ya dawo da kofin ruwa. Idan yana zaune ma ƙafafunsa ba sa hutawa, yana ɗaga dunduniya yana saukewa kamar tela a kan keken ɗinki. Na yanke masa hukuncin ciwon suga, har na tausaya masa.

Ƙafafuna suka fara zafi a cikin sau-ciki, na kwance igiya na zare su. Gahawa da goro suka hana ido rufuwa, gajiya kuma ta hana shi buɗuwa. An kashe fitilu, sai hasken 'yan talabijin na bayan kujeru, da kukan wani jariri can gaba, da gurnanin inji da ba ya yankewa. Na jingina kai da taga, sanyinta ya ratsa hula. Ban san lokacin da na tafi ba.

Taɓa ni aka yi a kafaɗa. Dattijon ne ya miƙo hannu ta kan ɗan Caina.

"Samari, ɗaga labulen nan ka gani. Asuba ta yi."

Na ɗaga marfin taga, sai ga wani jan zare a gefen sama. Na duba agogona da ban canza ba: ƙarfe biyu saura na dare a Kano. Na ce, "Baba, ai yanzu dare ya raba."

"A gidanku. Nan gabas muke gudu, rana muke tara. In ka tsaya jayayya da agogo, kafin ka gama ta fito."

Na gyara zama zan tayar da kabbara, na ce ina da alwala tun Adis. Ya dube ni, ya yi wata 'yar dariya mara sauti.

"Alwalar da ka yi minshari a kanta har yaron nan ya farka ya dube ka?"

Haka dabarar da na sha ƙishirwar awa huɗu saboda ita ta rushe a banza. Dole na tashi ɗan Caina, wanda ya miƙe ba tare da ko ɓata rai ba, abin da na yi ta jin nauyin yi tun farkon dare. Da na tsaya sai na ji kamar an ɗaura mini turmi a kowace ƙafa, wuyana ya sanƙare gefe ɗaya, jiri ya ɗebe ni har na dafa kujera. Dattijon ya zaro wata 'yar robar ruwa da ba komai a ciki ya ba ni, ya ce ita ce butarsa. Ya ce in wanke kowace gaɓa sau ɗaya da ruwa kaɗan, in goge wurin da takarda kafin in fito, kada in bar wa bayin Allah taɓo a ce Musulmi ne. Banɗakin ƙarami ne, gaskiya, amma bai kai yadda aka tsorata ni ba. Na dawo na yi salla a zaune, kuma ina sallamewa rana ta fito.

Bayan nan ya ja ni bayan jirgi, inda ma'aikata ke ajiye kayan abinci. Mun tarar da wata Hajiya tana kai da kawowa a 'yar hanyar, carbi a hannu, da alama ita ma tsohuwar hannu ce. Ya karɓar mini ruwa kofi biyu, ya tsaya a kaina sai da na shanye. Sannan ya ɗauko wata ledar biskit da ba a fasa ba, ta kumbura tim kamar matashi.

"Ka ga wannan? A ƙasa lafiyarta lau. Me ka ci kafin ka taso?"

Na ce ɗanwake.

Ya rufe baki da hannu. "Da lemo?"

Na ce da lemo.

"To Allah ya ba maƙwabtanka haƙuri."

Ya ce shi ya fi shekara ashirin yana wannan hanya, kuma ba suga gare shi ba. Wata tafiya ce ƙafarsa ɗaya ta kumbura ta yi zafi bayan ya koma gida, aka kwantar da shi, aka yi wata da watanni ana ba shi maganin tsinka jini. Tun daga nan likita ya sa shi doguwar safar nan mai matse ƙafa, ya ce kada ya ƙara zama awa biyu bai motsa ba. "Kunya ce ke kashe mu a jirgi," in ji shi. "Kunyar tashin maƙwabci, kunyar shiga bayi, kunyar a gan ka da silifa. Ni na ajiye tawa a Damagaram, in na koma zan ɗauka."

Na so a ce daga nan komai ya gyaru. Ina! Ɓarnar ta riga ta auku. Sauran awa shida na yi su ne tsakanin gyangyaɗi da farkawa, ƙugu na ciwo, rana tsaka a waje amma an rufe tagogi kamar dare. An kawo wani abincin da ban san sunansa ba, karin kumallo ne ko na rana, na sha shayin kawai. Da aka ce a ɗaura bel za a sauka, na laluba takalmina. Yatsu suka shiga, sauran ƙafa ta tsaya a ƙofa. Na zare igiyar gaba ɗaya, na ja, na tura, na yi duk dabarar da nake yi wa mai saye idan ya nace wa lambar da ba tasa ba. Idon sawuna ya ɓace, safa ta yi mini zobe a ƙwauri. Mutane suna ta fita, dole na ɗauki takalmi a hannu na bi layi da safa, ga shadda ta yamutse kamar an ƙwato ta daga bakin kura. Sai a hanyar shiga ginin filin jirgin Baiyun na take bayan takalmin na mai da shi silifa, ina jin fatar tana karyewa a ƙarƙashin dunduniyata. Na san kuɗinsa, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Wajen uku da rabi na yamma ne a can, takwas da rabi na safe a Kano. Awa bakwai ke tsakaninmu. Abu na farko da na so a Gwanzo shi ne iskarta mai danshi, wadda wasu ke kuka da ita. Ni hancina godiya ya yi. Dattijon ya raka ni har wurin tasi, ya ce, "Kada ka kwanta sai ka yi Isha, ko da za ka riƙe ido da tsinke." Na ce to, Baba. Na isa masauki a unguwar Xiaobei, inda baƙaƙen fata da gidajen abincin halal suka fi yawa, na ce bari in ɗan miƙe baya minti goma. Sha biyun dare na farka, ido tar, cikina na kiran abincin rana.

A daren na kira ƙanen maiɗakina, likita ne. WhatsApp ba ya aiki a can, sai ta WeChat da aka sa mini tun a gida. Na haska masa ƙafafuna. Bai yi dariya ba, tambaya ya shiga yi. Duka biyun ne suka kumbura ko ɗaya? Akwai zafi ko ciwo a sha-raɓa idan na taka? Numfashina fa, ƙirjina na ciwo? Na ce duka biyu ne, ba ciwo, nauyi ne kawai. Sai na ji ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce wannan ruwa ne ya taru saboda zama, in ɗora ƙafafu a kan matashi su fi ƙirji tudu, zai sauka. Wanda ake tsoro shi ne na ƙafa ɗaya mai zafi da ciwo, don yana iya zama gudan jini ne ya daskare a jijiya, kuma idan ya ɓalle huhu yake nufa. Wannan ko ƙarfe nawa ne asibiti ake tafiya, ba a jira gari ya waye.

"Yaya, jinin ƙafa ba ya hawa sama da kansa," ya ce. "Naman sha-raɓa ne ke matso shi duk lokacin da ka taka. Ka zauna awa goma ka naɗe ƙafa, ka kashe famfon ke nan."

Ya ce tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin wannan daskarewar jini kusan sau biyu, ko a jirgi ko a mota, duk da cewa a cikin matafiya kusan 6,000 mutum ɗaya yake samu. Na ce ashe kaɗan ne. Ya ce kaɗan ne ga mai lafiya, amma mai ƙiba, da mai ciki, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda ya taɓa yi, lissafinsu daban ne. Shi ya bayyana mini zancen ledar biskit ma: iskar cikin jirgi ana daidaita ta ne kamar mutum yana kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, don haka duk iskar da ke kulle, a leda take ko a hanji ko a bayan dodon kunne, sai ta buɗe ta nemi wuri. Wato kusan daren nan gaba ɗaya a tudun Adis na kwana ban sani ba.

Kumburin ƙafa ya sauka cikin kwana biyu. Barcin ne ya ƙi daidaita, kuma shi ya ci mini kuɗi. Jikina yana Kano, ni ina Caina. Lokacin da kasuwannin takalmi na kusa da tashar jirgin ƙasa ke buɗewa, ƙarfe biyu ko uku na dare ne a jikina. Haka zan bi tafinta bene-bene ina jan ƙafa, kaina kamar an cika shi da auduga. Ciniki a can da kalkuleta ake yi, mai kaya ya danna, kai ma ka danna. Rana ta biyu na zauna a wani shago, na ga samfurin sandal na maza da na san zai tafi a Kano kamar ruwa, muka daidaita, na ba da kafin alƙalami. Sai da dare, da idona ya buɗe, na duba takardar na ga jerin lambobin kowane kwali daga 39 zuwa 44 ne. Ni da na san mutanenmu! Wa zai sayi 39 a takalmin maza a Wambai, in ba yaro ba? Abin da ke tafiya 42 zuwa 46 ne, kuma takalmin can sau da yawa yakan zo da ƙaramin yanka. Da safe na koma, aka gyara, amma sai da aka ƙara mini kuɗi a kan kowace ƙafa, don manyan lambobi sun fi cin fata. Da a farko na faɗa, da ƙarfina zan yi ciniki. Abin da na yi asara a wannan zama ɗaya ya fi kuɗin otal na kwana biyu, kwana biyun da na ƙi warewa don hutu saboda ina ganin ɓarna ce.

Likita ya ce tafiyar gabas ta fi wuya, domin jiki ya fi yarda a tsawaita masa yini a kan a gajarta masa, kuma yakan ɗauki kusan kwana guda kafin ya gyara bambancin awa ɗaya. Awa bakwai, kwana tara gare ni: ina gama daidaita sai komawa. Maganin da ya ba ni ba na kwalba ba ne. In fita cikin hasken rana, in ci abinci lokacin da mutanen gari ke ci ko ba na jin yunwa, in bar shayi mai ƙarfi da goro daga Azahar, idan barci ya ci ƙarfina da rana kada ya wuce minti ashirin. Ranar Juma'a na bi wasu 'yan Kano zuwa masallacin da mutanen garin ke cewa kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas na nan, ko da yake mu a karatunmu, a Madina aka binne shi. Jama'a ta ko'ina, Larabawa, 'yan Pakistan, 'yan Mali, Musulmin Caina da fararen hulunansu, ga masu gasa nama a waje bayan an idar. Mun yi tafiyar ƙasa sosai a cikin rana ran nan. A daren ne na fara kwana har kiran agogon Asuba.

Shirin dawowa da kaina na yi shi, kuma a wannan karon jiki ya sami shafinsa a littafi. Na shiga kantin magani na nuna hoton safar dattijo a waya, suka auna ƙwaurina suka ba ni daidai ni. Na ɗauki sandal mai maɗauri lamba 44 daga cikin samfurin da na saro. Shadda ta koma akwati, na sa jallabiya da wando mai roba da rigar sanyi. Kuɗi da fasfo a aljihun ciki, jaka a sama, ƙarƙashin kujera na ƙafafuna ne. Na je filin jirgi da wuri na nemi kujerar bakin hanya. Shinkafa kaɗan na ci da yamma. A aljihu akwai basilin ɗan ƙarami na leɓe da hanci, da cingam saboda kunne, da robar ruwa da na cika bayan an gama bincike. Wani abokin tafiya ya miƙo mini ƙwayar barci, ya ce ɗaya tak har Adis. Na ƙi, don an riga an gaya mini cewa barcin da zai hana ka motsi awa takwas a zaune shi ne ainihin abin da ake gudu.

Dawowa yamma ake yi, dare ake bi. Mun tashi tsakar dare, muka yi kusan awa goma sha ɗaya, kuma duhu bai rabu da mu ba sai dab da Adis. Ban taɓa ganin dare mai tsawon wannan ba. Ba zan ce na ji daɗi ba, don barcin zaune ba ya zama barcin gado ko me ka saya. Kujerar bakin hanya ma da nata harajin: keken abinci ya bugi gwiwar hannuna sau biyu, kuma duk wanda zai fita a layinmu sai ya tashe ni. Na naɗe bargo na tokare ƙugu, na ja hula ta rufe ido, na samu awa biyu a nan, awa ɗaya a can. Tsakaninsu in tashi in je baya, in sha ruwa, in tsaya a kan yatsu sau ashirin ina kallon ƙofar banɗaki kamar mai jiran layi, don har yanzu da sauran kunya. Abincin tsakar dare na ce a wuce da shi, na ji zafin kuɗina, amma na daure. Da aka fara sauka na toshe hanci na hura a hankali, kunnuwa biyu suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Robar ruwan da na shanye na rufe tun a sama, da muka taɓa ƙasa na ga ta lotse kamar an taka ta.

Na duba wurin salla a Bole ko zan ga dattijon Damagaram, ban gan shi ba. Ko sunansa ban tambaya ba, Baba kawai na yi ta ce masa.

Da rana muka sauka Kano, sandal a ƙafata, maɗaurinsa a ramin da na sa shi tun Gwanzo. Kwana huɗu ina yin Magariba ido na rufewa, in farka ƙarfe uku na dare in shiga kicin neman ɗumame, har maiɗakina ta fara ajiye mini a kula. Hajiyarmu da ta ji labarin ƙafa sai ta ce ai maiƙo ne na jirgi, ta aiko da man zafi. Zancen ɗanwake ban gaya mata ba.

Baƙin sau-cikin nan na kai wa mai gyara a bakin kasuwa, ya juya shi, ya ce bayan ya karye, ba ya tashi. Yaron shagona ne ke sa shi yanzu idan zai je alwala.